Tarihin Zangon Motocin Tafi-da-Gidanka a Amurka

Zangon motocin tafi-da-gidanka fili ne da aka yanka gurbi-gurbi, inda matafiyi ke ajiye motar da yake kwana a cikinta, ya biya kuɗin dare. Mafi tsada kuma mafi farin jini shi ne mai cikakken haɗi, wato wanda kowane gurbi yake da famfon ruwa, da soket ɗin wutar lantarki, da bakin bututun da ke kwashe ƙazanta. A Amurka, daga ƙarshen watan Mayu zuwa farkon Satumba, lokacin da makarantu ke hutu, iyalai kan yi ta rububin irin waɗannan gurabe a kusa da gandun daji da bakin teku. Sai da aka yi kusan shekara hamsin ana gwaji kafin tsarin ya zauna a yadda yake yau.

Asalin al'adar yana tare da arahar mota. Kamfanin Ford ya fito da samfurin Model T a 1908, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1920 farashinta ya sauko ƙasa da dala 300, har manomi da ma'aikacin masana'anta suka iya mallaka. Tun a 1910 kamfanin Pierce-Arrow ya nuna wata mota mai kujerar da ke zama gado da wurin wanke hannu, amma wannan ta masu hannu da shuni ce. Talaka tanti yake ɗaurawa a gefen motarsa, ya haɗa da tukunya da bargo, inda dare ya yi masa nan ne masauki: gefen hanya, bakin rafi, harabar makarantar ƙauye, ko gonar wani. Manyan mutane ma sun ƙara wa abin kwarjini. Henry Ford da Thomas Edison da Harvey Firestone sun riƙa fita yawon kwanan daji tare, 'yan jarida na biye da su, har shugaban ƙasa Warren Harding ya ziyarci sansaninsu a 1921. A 1919 kuma masu wannan yawo suka kafa ƙungiya a Tampa ta jihar Filorida, mai suna Tin Can Tourists, alamarsu ita ce gwangwani da ake liƙawa a murfin lagireto.

Manoma ba su ji daɗin baƙin ba. Ana karya musu shinge, ana tsinke 'ya'yan itace, ana barin shara da wutar da ba a kashe ba. 'Yan kasuwar gari kuwa sun hango ciniki, domin matafiyi sai ya sayi fetur da abinci da taya. Daga nan hukumomin garuruwa suka fara ware fili kyauta a bakin gari, kamar yadda ake ware wa fatake zango. Birnin Denver na jihar Kolorado ya yi fice: filinsa na Overland Park, da aka buɗe a 1920, yana da gurabe kusan 800, da kanti, da wurin wanki, da shagon aski, da zauren rawa. Kyautar ba ta daɗe ba. Ma'aikatan ci-rani da marasa aiki suka riƙa tarewa suna yin makonni, sai garuruwa suka sa kuɗin shiga, suka kuma ƙayyade kwanakin zama. Manufar a fili take, a tace matalauta a bar masu kashe kuɗi. Da zarar an fara karɓar kuɗi, 'yan kasuwa suka ga ƙofa, suka buɗe nasu filayen. Wasu suka gina ƙananan ɗakuna waɗanda suka rikiɗe suka zama otal-otal na bakin hanya, wasu suka tsaya a kan hayar fili.

A gandun dajin gwamnati matsalar ta wata fuska ce. An fara barin motoci su shiga Yellowstone a 1915, aka kafa hukumar kula da gandun dajin ƙasa a 1916, jama'a kuma suka riƙa tsayawa duk inda suka ga inuwa. Wani masanin cututtukan itatuwa, Emilio Meinecke, ya lura cewa tayoyi da sawun mutane suna danne ƙasa har saiwoyi su mutu. A 1932 ya ba da shawarar a yi hanya guda mai zagaye wadda ake bi ta fuska ɗaya, a fitar da gajerun rassa daga jikinta, kowane reshe na mota ɗaya, da teburi da murhu a kafe. Matasan da gwamnatin Roosevelt ta ɗauka aikin gandun daji daga 1933 su suka shimfiɗa wannan fasali a ɗaruruwan wurare, kuma har yanzu shi ne ƙashin bayan kusan kowane zango a ƙasar, na gwamnati da na 'yan kasuwa.

Tirela mai bango da rufi ta maye gurbin tanti a shekarun 1930. Arthur Sherman na Detroit ya fara sayar da tasa a 1930, Wally Byam kuma ya fito da Airstream Clipper mai jikin alminiyam a 1936. Wutar lantarki ce ta fara isa gurabe, ruwa ya biyo baya, amma ban-ɗaki na tarayya ne a tsakiyar fili. Matsin tattalin arziki da Yaƙin Duniya na Biyu sun mayar da tirela gidan zama ga dubban ma'aikata a kusa da masana'antun makamai, abin da ya ɓata sunan filayen a idon masu gari. A 1954 aka fara ƙera tirela mai faɗin ƙafa goma, wadda ta fi ƙarfin ƙaramar mota ta ja. Daga nan sana'ar ta rabu biyu: gidajen da ake girkewa wuri ɗaya, da motocin yawon hutu.

Ba kowa ne hanyar ta karɓa ba. Baƙaƙen fata sun sha korar wulaƙanci a masaukai da gidajen mai, musamman a kudu, har Victor Hugo Green, ma'aikacin gidan waya a New York, ya fara wallafa jagora a 1936 mai nuna wuraren da za su iya sauka lafiya. A gandun dajin Shenandoah an ware musu sansani daban a Lewis Mountain. Sai dokar 'yancin jama'a ta 1964 ce ta haramta wariya a masaukai a duk faɗin ƙasar.

Abubuwan kallo sun taso ne kafaɗa da kafaɗa da zangon, domin mai sana'a a bakin hanya yana buƙatar dalilin da zai sa direba ya taka birki. Hanya mai lamba 66, da aka ayyana a 1926 daga Chikago zuwa Kalifoniya, ta cika da irin waɗannan. A garin Wall na Dakota ta Kudu, wani kantin magani da ciniki ya yi wa ƙaranci ya kafa alluna a 1936 yana tallar ruwan ƙanƙara kyauta ga masu zuwa kallon dutsen Rushmore, wanda ake sassaƙa fuskokin shugabanni huɗu a jikinsa a lokacin. Kantin, Wall Drug, ya zama wurin ziyara da kansa.

Cikakken haɗi ya yaɗu ne bayan dokar manyan hanyoyi ta 1956, wadda shugaba Eisenhower ya sa wa hannu, ta gina hanyoyi masu tsawon mil 41,000. Masu ƙera motoci suka fara sa ban-ɗaki da shawa da tankuna a ciki: ɗaya na ruwan sha, ɗaya na ruwan wanka da wanke-wanke, ɗaya na bahaya. Tankunan ba sa ɗaukar fiye da 'yan kwanaki, don haka dole a sami inda za a juye su. A 1962 wani ɗan kasuwa a Billings ta jihar Montana, Dave Drum, ya ga jerin motoci suna wucewa zuwa bajekolin duniya na Seattle, sai ya buɗe fili a bakin kogin Yellowstone da ruwan zafi da kanti, dare ɗaya dala 1.75. Wannan ne mafarin kamfanin zango na KOA, wanda yanzu yake da rassa sama da 500. Kamfanin Winnebago na jihar Iowa ya fito da motarsa mai injin kanta a 1966 a farashi mai sauƙi, Disney kuma ya buɗe zangon Fort Wilderness a Filorida a 1971. Ƙarancin man fetur na 1973 ya durƙusar da kamfanoni da yawa, amma sana'ar ta farfaɗo, cibiyarta kuma ita ce yankin Elkhart na jihar Indiyana.

Na'urar sanyaya ɗaki ce ta sauya lissafin wuta. Soket mai amfiya 30 yana ba da wat 3,600, wanda ya ishi na'ura ɗaya da firji. Manyan motoci masu na'ura biyu ko uku suna buƙatar mai amfiya 50, wanda ke kaiwa wat 12,000. Shi ya sa tsofaffin filaye suka yi ta sake wayoyi, suna tsawaita gurabe don motocin da suka kai ƙafa arba'in, suna yin waɗanda ake shiga ta gaba a fita ta gaba ba sai an yi ribas ba. Jin daɗin ya zo da sharaɗi: motar da aka ƙera don ta kai mutum ko'ina, a tsakiyar zafi ba ta iya nisa da turken wuta.

A nan ne bambanci ke fitowa tsakanin filayen gwamnati da na 'yan kasuwa. Yawancin sansanonin gandun dajin ƙasa an zana su ne don tanti da ƙaramar tirela, ba su da haɗi. A duk faɗin Yellowstone, Fishing Bridge ne kaɗai ke da ruwa da wuta da magudana, kuma ba a karɓar tanti a can saboda beyar. A Grand Canyon akwai Trailer Village a gefen kudu. Sauran matafiya sai su sauka a garuruwan da ke bakin ƙofa, irin su West Yellowstone da Moab da Pigeon Forge, waɗanda tattalin arzikinsu ya dogara da baƙin. Da can littafin jagora irin na Woodall's ake ajiyewa a gaban mota, a duba a buga waya. Yanzu ta intanet ake kama gurbi, kuma shafin gwamnati na Recreation.gov yakan buɗe rajista wata shida kafin ranar. A 2021, a lokacin annobar korona, kamfanoni sun fitar da motoci sama da 600,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, kuma gurabe ba su ƙaru daidai da hakan ba, don haka mai son kwana a wurare masu suna a watan Yuli tun cikin Janairu yake neman wuri.