Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya da Ma'anar Sunayen Barikokinmu

A ranar 15 ga Janairun kowace shekara ne Nijeriya ke tunawa da sojojinta da suka kwanta dama a fagen fama. A da, ranar 11 ga Nuwamba ake yin wannan biki, wato ranar da aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya cikin 1918. Daga baya aka mayar da shi 15 ga Janairu, domin a wannan rana ce cikin 1970 dakarun Biyafara suka miƙa wuya a Barikin Dodan da ke Legas, aka kawo ƙarshen yaƙin basasar da aka fara a 1967.

Yadda ake gudanar da bikin

Ranar ba ta hutu ba ce, ofisoshi da kasuwanni na buɗe. Kafin zuwanta akan ƙaddamar da tambarin tunawa, wanda ake sayarwa domin tallafa wa tsofaffin sojoji da iyalan waɗanda suka rasu. Akan yi addu'o'i na musamman a masallatan Juma'a da majami'u. A ranar kanta, Shugaban Ƙasa yakan ajiye furanni a gaban mutum-mutumin sojan da ba a san sunansa ba a Abuja, gwamnoni kuma su yi haka a manyan biranen jihohinsu. Akan yi shiru na ɗan lokaci, a harba bindiga, sannan a saki fararen tattabaru alamar zaman lafiya.

Sunayen da ke ɗauke da tarihi

Da yawa daga cikinmu muna ambaton sunayen barikoki ba tare da sanin asalinsu ba. Barikin Mogadishu na Abuja ya ci sunan birnin Somaliya da sojojinmu suka shiga a 1941, lokacin yaƙi da Italiya. Barikin Chindit na Zariya da na Dalet da Kalapanzin a Kaduna suna tuna yaƙin da kakanninmu suka gwabza da Japan a dazuzzukan Boma tsakanin 1943 da 1945. Barikin Bukavu na Kano kuwa yana tuna aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango daga 1960 zuwa 1964.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Furanni kan bushe cikin kwanaki kaɗan, amma matar da mijinta ya faɗi a bakin daga tana nan da marayunta duk shekara. Yaƙi da Boko Haram tun 2009 da faɗa da 'yan bindiga sun ƙara yawan irin waɗannan gidaje a karkararmu. Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi, hakimai, dagatai da masu unguwanni da su san gidajen nan da ke yankunansu, su kuma haɗa su da reshen Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya mafi kusa domin neman haƙƙoƙinsu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya mai ɗorewa.