Daga Difloma Zuwa Digiri: Darasin Kongo

Sau da yawa nakan ji mace ta ce, "Ai na yi difloma ta kasuwanci, ga aure ga 'ya'ya, karatu kuma ya ƙare." Ni kuwa sai in ce mu waiwayi tarihin Kongo da ke Zariya.

A 1947 makarantar horar da akawu ce kawai. A 1954 ta zama cibiyar koyon aikin mulki. A 1962 kuma aka haɗe ta da Jami'ar Ahmadu Bello, har ta riƙa yaye masu digiri a akanta da harkar kasuwanci. Kin ga ita ma makarantar da rarrafe ta fara.

To ke fa? Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, tana da ƙofar shiga kai tsaye, inda mai difloma da sakamako mai kyau kan fara daga aji biyu. Ga kuma jami'ar NOUN ta karatu daga gida, wadda aka farfaɗo da ita zamanin mulkin Obasanjo.

Don Allah ki ciro takardar nan daga ƙasan akwati, ki shawarci maigida cikin ladabi. Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya sa mu dace, amin.