Asalin Kalma: "Cordon Sanitaire", Daga Shingen Annoba Zuwa Shingen Siyasa

A siyasar Turai, idan jam'iyyu suka haɗa baki cewa ba za su kafa gwamnati da wata jam'iyya ba, komai yawan kujerunta, ana kiran wannan mataki "cordon sanitaire". Kalmar Faransanci ce. "Cordon" na nufin igiya ko zoben masu gadi, "sanitaire" kuwa abin da ya shafi lafiya. Asalin ma'anarta killace wurin da annoba ta ɓulla. A 1821 Faransa ta jibge sojoji a duwatsun kan iyakarta da Sifaniya don tare zazzaɓin shawara da ya ɓarke a Basalona.

A Beljiyam ma'anarta ta yau ta kafu. A 1989 manyan jam'iyyun yankin Flanders suka sa hannu cewa ba za su yi mulki da jam'iyyar Vlaams Blok mai ƙyamar baƙi ba. Shingen yana aiki ne domin inda ake raba kujeru gwargwadon ƙuri'a, da wuya jam'iyya ɗaya ta sami rinjaye. Wanda duk aka ƙi ƙawance da shi, sai dai ya zauna a kujerar adawa.

Jamusawa na kiran nasu shingen "Brandmauer", wato katangar tare gobara, wadda suka gina wa jam'iyyar AfD. A Holan kuwa irin wannan shinge bai hana jam'iyyar ɗan siyasa Geert Wilders shiga gwamnati a 2024 ba.

Kalmar tana ɗauke da hukunci mai nauyi, domin ta kwatanta abokin hamayya da cuta. Shi ya sa waɗanda aka killace ke kafa hujja da ita cewa an raina masu zaɓensu.