Daga fiyano zuwa gambarar zamani

Daga Illela zuwa Ƙonni tafiyar 'yan mintuna ce a babur, waƙoƙin da ake turawa a waya kuwa iri ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Akasarinsu a kwamfuta aka haɗa su, amma tsofaffi da yawa har yau "kiɗan fiyano" suke ce musu.

Sunan yana da tarihi. A shekarun 1990 ɗakunan kiɗa na Kano, irin su Iyan-Tama, suka rungumi na'urar Yamaha mai maɓallai, wadda ke kwaikwayon amon ganga da sarewa. Fim ɗin Sangaya na 1999 ya kai wannan amo lungu-lungu. Da kwamfuta ta karɓe aikin, sai sunan ya zauna daram, domin kunne amo ya riƙe, bai damu da akwatin da ya fito ba.

Ita kuwa FL Studio, wadda matasa da dama ke koyon haɗa kiɗa da ita, ta sauya suna. Kamfanin Image-Line na Beljiyam ya fitar da ita a ƙarshen shekarun 1990 da sunan FruityLoops, ya sauya a 2003 bayan takaddamar suna da Kellogg's, masu abincin karin kumallo. Mu kuma muka kira irinta "manhaja", kalmar Larabci da a da tsarin karatun makaranta take nufi. Ta dace, don wannan ma sai an zauna an koya.

Sunan da ya fi tsaya mini a rai shi ne "gambarar zamani", sunan da kafafen labarai suka laƙaba wa hip hop. Ɗan gambara na asali mai zuba magana ne a kan kiɗa, da habaici da zambo, da bakin da ba ya shayin kowa. Ta nan kamar ta fito sarai. Sai dai gambara ta zo da kayanta, wato roƙo da batsa, kuma shi ya sa iyaye ke ɗaure fuska. Ƙungiyar Kaidan Gaskiya ta Nijar kuwa ta yi suna ne da waƙoƙin faɗakarwa, sunan ma ya faɗa. Kiran irinsu 'yan gambara ya tauye su.

Shi kuma yaron da ke kwana gaban allo yana jera amo, wasu "furodusa" suke ce masa, kalmar da a Kannywood mai ɗaukar nauyin fim take nufi. Ni makaɗi nake kiran sa, domin shi ke yanke inda ganga za ta faɗi da inda mawaƙi zai numfasa.