DODANNIN DUNIYA: TATSUNIYA CE KO TARIHI?

Babu ɗayanmu da bai tashi da tsoron Dodo ba. Da muka shiga aji muka karanta kimiyya, sai muka tattara labarinsa muka ajiye a kwandon ƙarya. Ni kuwa aikin ofis ya koya mini cewa ba a buɗe fayil sai da dalili. A ganina haka labarin dodo yake: sau da yawa akwai wani abu na zahiri da mutanen da suka gani, suka rasa sunansa, sai baki ya yi ta ƙara masa gishiri.

Mu fara da Girkawan dauri. Suna da labarin wasu ƙatti masu ido ɗaya tal a tsakiyar goshi, masu zama a kogo suna cin mutane. A shekarar 1914 wani masanin ƙasusuwan da ɗan ƙasar Ostiriya, Othenio Abel, ya kawo wani bayani. Ya ce a tsibiran Bahar Rum irin su Sisili an taɓa yin wasu gajerun giwaye da suka ƙare tuntuni. Ƙoƙon kan giwa yana da babban rami a tsakiya, inda haure biyu suka sa hanci a tsakani. Makiyayin da bai taɓa ganin giwa ba, in ya tsinci wannan ƙoƙo a kogo, me zai ce in ba kan ƙato mai ido ɗaya ba? Hasashe ne, amma hasashe mai kama hankali.

Wanda ya karanta Dare Dubu da Ɗaya zai tuna tsuntsun nan Ruk, wanda Sindibad ya ɗaure kansa a ƙafarsa da rawani. Matafiyin nan Marko Polo ma, a ƙarshen ƙarni na 13, ya ba da labarin tsuntsun da ke surar giwa a wajajen Madagaska. To, a wannan tsibiri an taɓa yin wani tsuntsu mai tsawon kusan mita 3, wanda ƙwansa ɗaya kan ɗauki abin da ke cikin ƙwan kaza wajen 150. Ba ya tashi sama, balle ya sure giwa. Ya ƙare kimanin shekara 1000 da suka wuce, kuma sai a 1851 masana a Faransa suka bayyana shi daga ƙwai da ƙasusuwa. Masana da dama na ganin cewa fataken Larabawa da ke ratsa tekun sun ga irin wannan ƙwai, daga nan labarin ya yi fiffike.

A ƙasar Sin kuwa, masu magani sun daɗe suna daka wasu tsofaffin ƙasusuwa da suke kira ƙashin dodo. A 1899 wani malami ma'aikacin fada, Wang Yirong, ya lura cewa akwai rubutu a jikin wasunsu. Ashe ƙasusuwan shanu ne da ƙoƙon kunkuru, waɗanda sarakunan daular Shang suka yi duba da su fiye da shekara 3000 da suka shige. Su ne rubutun Sinanci mafi tsufa da aka tabbatar. Allah kaɗai Ya san yawan tarihin da aka shanye a ruwan magani kafin wannan malami ya tsaya ya duba.

Misali na ƙarshe shi ne ya fi shafarmu. A watan Janairu na 1493 Kolumbus ya rubuta cewa ya ga 'yan matan ruwa guda uku a teku a yankin Karibiyan, har ya yi ƙorafin cewa ba su kai yadda ake zana su kyau ba. Masana sun yi ittifaƙin cewa ayu ya gani. Ayu kuwa ba baƙo ba ne a gare mu: yana nan a kogin Kwara da Binuwai, dabba ce mai cin ciyawa, mai shayar da ɗanta, mai leƙo kai sama don shan iska. Yau an sa shi cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, saboda farauta don nama da man ayu da ake tallarsa a kasuwa, da kuma madatsun ruwa da ke datse masa hanya. Kada a ce ba zai ƙare ba. Wani babban ɗan'uwansa na tekun Bering, Turawa sun fara ganinsa a 1741, kafin 1768 mafarauta sun gama da shi. Shekara 27 kacal.

Saboda haka ina da roƙo biyu ga 'yan ƙungiyarmu. Na farko, mu zauna da tsofaffinmu, musamman masunta da mafarauta, mu rubuta abin da suka sani tun suna raye, domin ba mu san wace tatsuniya ce ke ɗauke da ƙashin gaskiya ba. Na biyu, waɗanda Allah Ya ɗora a ma'aikatun gandun daji da na ilmi, su sa baki a kare ayu. In ba haka ba, jikokinmu za su ji sunansa kamar yadda muke jin na Ruk, su ce ƙanzon kurege ne. Allah Ya kiyaye, amin.