Marie Taglioni da Gadon Rawarta

Mun saba kallon rawa a matsayin shagalin biki kawai, amma tarihin Marie Taglioni ya nuna mana cewa sana'a ce mai cin rayuwa. An haife ta a Stockholm a 1804. Mahaifinta Filippo, Ba'italiye mai tsara raye-raye, shi ya hore ta a Biyana, sa'o'i shida kullum, har ta fara fita fage a 1822.

Sunanta ya cika Turai a 1832, sa'ad da ta taka rawar bale mai suna La Sylphide a Faris, tana tafiya bisa kan yatsun ƙafa tamkar ba ta taɓa ƙasa. Ta yi murabus a 1847.

A 1860 ta tsara Le Papillon domin ɗalibarta Emma Livry, wadda take fatan ta gaje ta. Cikin Nuwamba 1862, wutar fitilar dandali ta kama rigar Emma ana tsakiyar gwaji. Ta yi jinyar wata takwas, ta rasu tana da shekara 20. Taglioni kuwa dukiyarta ta ƙare, ta koma koyar da rawa a Landan, ta rasu a Marseille a 1884.

Rawa a jikin mai yin ta take zaune. In magajiya ta faɗi, gadon yakan bi ta. Ya kamata mu tambayi kanmu a nan Minna: wa ya karɓi takun iyayenmu mata?