Marsiyya da Kabarin Baƙo: Daga Sin zuwa Hubbare da New Bell

A ƙasar Sin akwai rana da ake kira Cingmin, wadda kan faɗo 4 ko 5 ga Afrilu, lokacin da sanyi ya kau, itatuwa suka fara toho. A ranar mutane kan tafi kaburburan kakanninsu su share, su cire ciyawa, su ajiye abinci. A shekarar 732 Sarki Shuwanzong na daular Tang ya shigar da wannan ziyara cikin al'adun da hukuma ta amince da su. Waƙar da ta fi shahara kan ranar ana jingina ta ga Du Mu (803–852). Abin lura, babu kabari a cikinta, babu sunan mamaci. Matafiyi ne kawai a kan hanya, yayyafi na dukansa, zuciyarsa a karye. Masu sharhi da dama sun ce baƙin cikinsa na wanda ranar ziyara ta riska nesa da gida ne.

Ajiye wa mamaci abinci ba namu ba ne. Mu addu'a da sadaka muka gada. Amma alhinin da aka zuba a baiti mun san shi, sunansa marsiyya. Nana Asma'u 'yar Shehu (1793–1864), Allah Ya ji ƙanta, ta yi wa baffanta Abdullahin Gwandu, ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Bello da ya rasu a Wurno a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha da Larabci. Wadda ta fi taɓa ni ita ce ta Halima, maƙwabciyarta. Ba sarauniya ba ce, ba ta ja runduna ba. Kirkinta da kyautata zumuncinta aka lissafa, kuma da wannan sunanta ya iso gare mu bayan fiye da shekara 150. Asma'u kanta tana kwance a Hubbaren Shehu a Sakkwato, inda mata har yau suke zuwa ziyara.

To mu fa, Hausawan Duwala? New Bell ta samo asali ne daga tashin da Jamusawa suka yi wa mutanen bakin kogin Wuri, rikicin da ya kai ga rataye Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta, 1914. Nan baƙi suka taru, cikinsu har da kakanninmu fatake. Kaburburan iyayensu suna can Kano, Katsina, Garwa ko Gaundare, su kuwa a nan aka binne su, cikin ƙasa mai laima wadda damina ɗaya ta isa ta shafe tudun kabari. Halin matafiyin Du Mu ke nan, sai dai namu bai koma ba.

Ba mu gina kaburbura, kuma daidai ne. Saboda haka abin da ya rage mana shi ne suna a baki da suna a takarda. A zaman makoki a unguwa, idan liman ya ce a ambaci magabata, matashi kan kai ga kakansa ya tsaya. Wanda ya fara sauka New Bell daga gidansu, da garin da ya baro, tsofaffi ƙalilan ne suka riƙe, kuma kowace shekara muna raka wasunsu makabarta.